Mataccen Siminti

Litinin, 4 ga Afrilu 1938, bayan la'asar

Littafin awo ne wannan, wanda nake rubuta tsawo da faɗi a ciki. Akwai sauran shafuka a baya, kuma ba mai buɗe shi sai ni, Nababa, helman magina a nan sansanin masu haƙar zinariya. Bari in riƙa ajiye abin da ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau aka gama haƙa ramin. Yana bayan gidan manajan kamfani, Baturen da muke kira Mai Lofe. Tsawonsa ƙafa talatin, faɗinsa goma sha biyar, zurfinsa ƙafa takwas ta gabas, inda tudu ya tokare shi. Wurin iyo yake so, don matarsa tana tafe daga Ingila cikin watan gobe, an ce ba ta jure zafi. Leburori har sun raɗa masa suna kududdufin Bature.

Da azahar muka shiga sito ni da Dabo muka fasa gangar siminti ta farko. Dabo mijin ƙanwata Huraira ne. Ni na ɗauko shi daga Kazage shekara biyu ke nan, kuma ba wanda ya fi shi hannun shafe a dajin nan. Ya cusa hannu cikin gangar, ya ɗago kai ya dube ni. Na sa nawa. Siminti mai rai laushi gare shi kamar garin da aka tankaɗe. Wannan kuwa, dutse na taɓa. Muka fasa ta biyu, ta uku, har bakwai. Duk haka suke, sama ya daskare, tsakiya curi-curi.

Haruna, akawun da ke riƙe da sito, ya ce tun daminar bara gangunan ke nan, rufin kuwa yana yoyo.

Dabo ya ce, "Yaya, wannan ai ya sha ruwansa tun bara. Ya mutu."

Talata, 5 ga Afrilu, da hantsi

Na kai wa Mai Lofe curi biyu a hannu. Haruna ya yi mana tafinta. Na ce, "Zaki, simintin nan ba zai kama ba. A aika Zariya a kawo sabo."

Ya juya curin, ya ƙwanƙwasa shi a jikin tebur. Ya ce kafin a rubuta takarda, a amince, mota ta je ta dawo, wata biyu ya wuce, ruwa ya sauka, hanya ta yanke. Ya ce siminti siminti ne, a daka shi ya koma gari. Ya ƙara da Hausarsa, "Ba kome. Maza-maza."

Na ce to.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Mata goma sha biyu aka ɗauko daga bariki, kowace da turminta. Da Ma'u matata a ciki, da Huraira. Suna daka siminti kamar masu surfe, suna tankaɗewa da rariya. Da farko har waƙa suke yi. Kafin azahar waƙa ta tsaya, sai tari. Gashin idonsu duk ya yi fari.

Shekara goma sha tara ina gini, tun ina ɗaukar kwanon sarki a Zariya har na riƙe cokalin gini. Ban taɓa ganin an daka siminti a turmi ba.

Huraira ta nuna mini tafin hannunta ya tsattsage. Tana dariya ta ce, "Yaya, tuwon Bature ne wannan? Wa zai ci?"



Juma'a, 8 ga Afrilu, da yamma

Ban je masallaci Birnin Gwari ba. Jikina ba ƙwari.

Asabar, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Yashi ma ba na kirki ba ne. Mai kyau yana can babban kogi, tafiyar yini a jaki. Wanda aka kawo daga rafin nan na kusa ne, in ka damƙa ka saki sai ya bar jan tabo a hannu. Laka ce. Na ce a wanke shi, aka ce ruwan da ke akwai na wankin zinariya ne, bazara ta ƙafe rafi.

Na kwaɓa kaɗan da garin da matan suka daka, na zuba cikin gwangwani uku, na ajiye a inuwar ɗorawa. Zan ba su kwana uku. Ko Allah zai sa ya zama ni ne ban sani ba.

Talata, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na yanke gwangwani ɗaya. Na sa ƙusa na karce, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Na matse da hannu ɗaya, ya wargaje.

Sauran biyun na kai gaban Mai Lofe, na murƙushe ɗaya yana kallo, garin ya zubo masa a kan takalmi. Na yi magana mai tsawo. Na ce bangon gabas shi zai tare tudu, in ruwa ya sauka duk abin da ya gangaro bayansa zai taru. Na ce ko da siminti mai kyau ne sai an yi magudana ta baya. Na ce wannan ba zai riƙe ba, kuma akwai mutane da za su yi aiki a ƙarƙashinsa.

Haruna ya juya masa cikin kalma ba ta fi goma ba. Ba na jin Turanci, amma na san tsawon abin da na faɗa.

Da muka fito na tare shi. Ya ce, "Malam Nababa, in na faɗa masa duka, ni da kai yau za mu kwana a hanya. Na ce masa kana son a ƙara siminti a kwaɓi. Ya yarda. Ba ka gode ba?"

Ƙarin mataccen abu a kan matacce. Na gode.

Laraba, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Mun zuba daɓen ƙasa. Launinsa ma ba na kankare ba ne, wani fari-fari kamar toka.

Lahadi, 17 ga Afrilu, da safe

Ba aiki yau. Na ce wa Ma'u ina tunanin mu tattara mu koma Zariya. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, da yara biyar, cikin wannan daji, a ƙafa?" Can kuma ta ce, "In ka tafi wa za a ba aikin?"

Dabo za a ba. Na sani, ita ma ta sani. Shi kuwa ba ya iya ce wa kowa a'a. In ina nan, ko ba komai zan sa ido a kan kwaɓi, in matsa rodi inda ya fi bukata. Haka na gaya wa kaina. Na maimaita wa kaina sau da yawa yau.

Talata, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Bango. Tun asuba muke zubawa, kwano bayan kwano. Rodin da aka ba mu ragowar aikin injin niƙan dutse ne, rabinsa ya yi tsatsa, kuma bai kai ba. Na kwashe na yamma na ƙara wa gabas. Duk da haka tsakanin rodi da rodi mutum zai iya wucewa da kafaɗarsa.

Wani Bafulatani mai suna Hammadu ya biyo da shanunsa ta bakin daji, ya tsaya ya leƙa ramin. Ya tambaya ko rijiya ce. Dabo ya ce masa a'a, wurin wanka ne na mutum biyu. Hammadu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mutum biyu." Ya kaɗa shanunsa ya wuce. Leburori suka yi ta dariya. Ni ma na yi, rabona da dariya an kwana biyu.

Alhamis, 21 ga Afrilu, da azahar

Sabon kankare ruwa yake so, safe da yamma, har mako biyu, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Garwa huɗu aka ba ni. Garwa huɗu, ga wannan rana mai ƙona ƙeya. Na yayyafa wa gabas, kafin in juya ya bushe.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da azahar

Garwa uku.

Litinin, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Waya ta zo cewa jirgin matar ya iso Ikko. Mai Lofe ya ce a cire katako yau. Na ce kwana shida ke nan kacal. Ya ɗaga yatsa ya nuna katakon, bai ma kalle ni ba.

Da muka ɓamɓare, jikin bangon ya fito rami-rami kamar saƙar zuma, tsakuwa tana zubowa da kanta. A wani wurin ana hango rodi.  Dabo ya shafa da tafin hannu, ya duba hannun, ya goge a wandonsa.

An sa leburori su mayar da ƙasa bayan bango, su dandaƙe. Duk sanda suka buga sai in ji a haƙorina.

Magudanar kuwa, an ce bayan matar ta iso.

Laraba, 27 ga Afrilu, da yamma

Dabo ya fara shafe. Allah ya ba yaron nan hannu. Inda ya bi sai ka rantse bangon asibiti ne, sumul, ba ka ganin ko rami ɗaya. Mai Lofe ya sauko da kansa ta tsani, ya shafa, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Da kyau!" Ya nuna mini hoton matar, wata siririya da malafa. Idonsa har ya kawo ruwa. Ban tsane shi ba a lokacin. Da ma na tsane shi, da ya fi mini sauƙi.

Da muna wanke cokula na ce wa Dabo, "Ka rufe mana asiri."

Ya ce, "Likkafani na ɗinka masa, Yaya. Mai kyau dai."

Asabar, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ta wajen Dogon Dawa, ya watse. Kowa yana roƙon ruwa. Ni kaɗai ne a sansanin nan nake jin daɗi in hadari ya watse. Allah ya yafe mini.

Litinin, 2 ga Mayu, da hantsi

Ruwa ya sauka jiya da yamma, kamar da bakin ƙwarya. Yara suna tsalle a tsakar bariki.

Da gari ya waye na je. Ƙasar bayan bangon gabas ta jiƙe sharkaf, ta lotsa. A jikin bangon akwai tsaga, daga sama har kusan ƙasa, tana ɗan karkata. Da safe ƙusa ce ke shiga. Yanzu ɗan yatsana yana shiga. Ruwa ja yana tsattsafowa ta ciki.

Na hana kowa sauka.

Mai Lofe ya zo ya gani. Ya ce shafe ne ya tsage, gobe a cike a sake shafewa, ranar Asabar motar matar za ta iso.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Yatsa biyu.

Talata, 3 ga Mayu

Bangon gabas ya faɗi da hantsi. Dabo yana ciki.

Laraba, 4 ga Mayu, da safe

Ba zan iya ba.

Juma'a, 6 ga Mayu, bayan azahar

An yi sadakar uku. Mutanen Kazage sun zo, da yayansa da kawunsa. Suna yi mini gaisuwa, suna cewa ka riƙe shi amana, Allah ya saka maka. Ina amsawa.

Huraira tana ɗakin Ma'u. Ba ta kuka da ƙarfi. Ban shiga ba.

Farcena biyu sun cire wajen tono. Sai yau na lura.

Asabar, 7 ga Mayu, da yamma

Motar ta iso. An kafa zana an kewaye ramin don kada matar ta gani.

Lahadi, 8 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta, ko sau ɗaya ne.

Ranar Talata da safe muka tsaya bakin ramin ni da shi. An riga an kwaɓa abin shafe, yana cikin kwano yana jira. Tsagar ta ƙara buɗewa, bangon ya turo ciki kaɗan, wanda duk ya san gini zai gani. Na ce zan hau gida in sake yi wa Mai Lofe magana, ko da Haruna ko ba Haruna, sai ya zo ya duba da idonsa. Dabo ya ce kwaɓin zai bushe.

Abin da ya kamata in ce, kowa ya sani. A bar shi ya bushe.

Na ce, "Ka fara, ina zuwa."

Na tarar Mai Lofe yana aski. Kuku ya ce in jira. Na tsuguna a bakin baranda ina jira. Ina nan tsugune na ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi ma, kamar an sauke buhunan hatsi daga mota.

Da hannu muka tone, don muna tsoron shebur ya same shi. Kankaren yana farfashewa a hannunmu, bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Ƙasar bayansa ce ta yi nauyi. Cokalinsa yana hannunsa.

Ka fara, ina zuwa.

Litinin, 9 ga Mayu, da azahar

Ma'u ta ce in ci abinci. Na ci.

Talata, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Haruna ya kira ni sito, ya rufe ƙofa. Takarda ce za a aika wa manyan kamfani a Ikko. Ya karanta mini da Hausa, wannan karon duka. An ce ruwan sama ne mai yawa wanda ba a saba gani ba ya ture bangon. An ce kayan aiki lafiyayyu ne. An ce mamacin ya sauka ba da umarnin kowa ba. A ƙasa akwai wurin sa hannun helma.

Na ce ƙarya ce, layi uku, ƙarya uku.

Ya ce, "Na sani. Ni na rubuta." Ya zauna a kan ganga ya share fuska. "Malam Nababa, ka saurare ni. In ka ce simintin matacce ne, za a ce wa ya zuba? Kai. In ka ce ka faɗa wa Bature, za a ce wa ya ji? Ni, ni kuwa ba zan ce na ji ba, ina da iyali. In ka ce an umarce shi ya sauka, za a ce wa ya umarce shi?"

 Ban san ko wani lebura ya gaya masa abin da na ce wa Dabo ba, ko kuwa a fuskata ya gani.

Layi na uku ni yake karewa.  Na rubuta sunana da kyau, yadda aka koya mini a Zariya.

Alhamis, 12 ga Mayu, da hantsi

Yau kawun Dabo ya zo da jaki zai tafi da Huraira Kazage, can za ta ƙarasa takaba. Ta aiko Ma'u ta ce tana son ganina. Kwana tara ina kewaye ƙofar nan.

Tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓe, ƙullin kayanta a gefe. Na tsuguna daga bakin ƙofa. Na shirya abin da zan faɗa tun asuba, na ce, "Huraira, akwai abin da ban gaya miki ba. Bangon nan, tun farko na san..."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ai ni na daka."



Ta ce, "Shi ma ya sani. Tun ranar da kuka cire katako ya ce mini bangon nan ba zai ga tsakiyar damina ba. Ranar Litinin da ya dawo ya ce gobe za a sa a cike tsagar. Na riƙe masa riga na ce kada ka sauka. Ya ce, in ban sauka ba Yaya zai sauka, don ba zai tura lebura ba. Ya ce Yaya yara biyar gare shi, mu kuwa Allah bai ba mu ba tukuna."

Ta faɗe shi ne a hankali, kamar mai ba da saƙon da aka bar mata. Ba ta ɗaga kai ba.

Na ce, "Ni na ce masa ya fara."

Ta ce, "Ko ba ka ce ba." Sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ban sani ba tukuna. Ka bar ni in je gida."

Na riƙe mata jakin har ta hau. Na bi su har inda hanya ta shiga daji. Ba ta waiwayo ba, ni ma ban so ta waiwayo ba.

Juma'a, 13 ga Mayu, bayan la'asar

An yi ruwa. Na ji an ce matar tana zazzaɓi tun da ta zo, ba ta ko fita baranda.

Asabar, 14 ga Mayu, da yamma

Mai Lofe ya kira ni. Ya rame. Ya ce ya yi baƙin ciki, Dabo mutumin kirki ne. Sannan ya ce ramin nan ba zai zauna haka a bayan gidansa ba, ruwa yana taruwa, sauro yana yawa, ga matarsa ba lafiya. Ranar Litinin a sauka a kwashe ɓaraguzai a sake ɗaga bangon. Akwai sauran ganga tara a sito.

Na tambaya ko za a kawo sabo. Haruna bai ma juya masa ba.

Na tara leburori na gaya musu. Ba wanda ya ɗaga kai. Wani dattijo daga cikinsu ya ce, "Helma, bangon arewa ma ya fara tsagewa, ka gani?" Na ce na gani. Ya ce, "To wa zai sauka?"

Na ce su tsaya daga sama su riƙa jan kwano da igiya. Ba wanda zai taka tsanin nan sai ni.

Na faɗa wa Ma'u. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana ce wa yara su yi shiru, babansu ya gaji.